Cefane da Tanadin Gida a Shekarar Korona, Yadda Muka Gani a Birnin Kebbi

A tsakiyar watan Maris na 2020 aka yi bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi shi ba, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya halarta. A cikin makon ne, ranar 11 ga wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, amma dubban mutanen da suka yi cincirindo a bakin kogin Matan Fada ba wannan ne a gabansu ba. Mutumin farko da aka tabbatar yana ɗauke da cutar a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu, ɗan ƙasar Italiya ne da ya sauka a Legas, saboda haka yawancinmu a nan Kebbi muka ɗauke ta ciwon masu hawa jirgin sama. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu, kuma ranar 29 ga Maris aka sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja. Daga nan ne magidanta suka fara lissafin da ba su saba yi ba, wato idan aka wayi gari an ce kada kowa ya fita, abin da ke cikin ɗakin ajiya zai kai iyali kwana nawa.

A gidana ni ne mai cefane, kuma tsarina irin na yawancin ma'aikata ne. Idan albashi ya shigo sai a sayi shinkafa da gero da man girki na wata, kayan miya kuwa kullum da safe ko bayan la'asar. Tsari ne da ke tafiya lafiya lau muddin kasuwa tana ci kuma hanya a buɗe take. Annobar ta zo ta taɓa waɗannan abubuwa biyu a lokaci guda, kuma ta zo a lokacin da ya fi kowane wuya a shekara.

Batun lokacin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bambanta halin da muka shiga da wanda ake gani a talabijin daga Ingila ko Amurka, inda mutane ke wawason takardar ban-ɗaki a manyan kantuna. Watan Afrilu a Birnin Kebbi tsakiyar bazara ne, zafi yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce, don haka duk shawarar da ta ƙunshi cika firiji da nama da kayan lambu ba da mu ake ba. Hatsin da aka girbe a kakar 2019 ya riga ya fara barin hannun manoma ya koma hannun 'yan kasuwa, kuma daga wannan lokaci farashi hawa yake yi har sabon gero ya shigo. Yara suna gida daga safe har dare, kuma duk wanda ya taɓa ciyar da yara a lokacin hutu ya san cewa tukunyar da ke isa a ranar makaranta ba ta isa a ranar zaman gida. A kan wannan duka sai azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, lokacin da ko babu annoba sukari da gero da wake da man gyaɗa sukan ƙara kuɗi saboda kunu da ƙosan buɗa-baki.

Mu ba mu ga irin kullen da Kano ta gani ba, amma kullen Kano ya same mu har cikin shagunan unguwa. Sukari da taliya da madara da sabulu da magi da man girki na jarka, kaso mai yawa daga cikinsu ta hannun 'yan sarin Kano suke biyowa kafin su iso mana. Manja da garin kwaki da doya kuma daga kudu da tsakiyar ƙasa suke zuwa. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi a farkon watan Mayu, an ce dokar ba ta shafi motocin abinci ba, kuma a rubuce haka ne. A kan hanya kuwa direbobi sun riƙa tarar da shingaye barkatai, kowane shinge da abin da ake ajiyewa kafin a wuce, wannan kuɗi kuma a ƙarshe a kan kwalbar manja yake sauka. Kada a manta kuma cewa iyakokin ƙasa a rufe suke tun watan Agusta na 2019, watanni kafin a ji sunan korona, saboda haka hanyar Kamba da sauran mashigun Nijar da Benin ba ta kawo wani sauƙi ba. Ko da aka buɗe wasu iyakoki a Disamban 2020, ta Kamba sai a watan Afrilu na 2022 aka buɗe ta.

Abin da ya ba ni mamaki a farkon lamarin shi ne yadda kasuwa ta rabu gida biyu. Abin da muke nomawa da hannunmu, musamman mai saurin lalacewa, ya yi araha, domin motocin da suka saba kwasarsa zuwa kudu sun ragu. Lokacin albasar Aliero ne, ga tumatir da tattasai na masu noman rani, ga shinkafar rani tana shigowa daga fadamun Argungu da Suru da Bunza. Abin da ke zuwa daga waje kuwa kullum sai ya ƙara kuɗi. Wanda ya fahimci wannan da wuri ya sayi albasa da tumatir da yawa ya nemi hanyar adana su, ya kuma rage dogaro da kayan kanti. Wanda tsoro ya tura shi kasuwa da kuɗi a hannu kuwa ya fi karkata ga katan-katan na taliya da indomi, waɗanda ke cinye kuɗi da yawa amma ba sa riƙe gida mai mutum goma. A ganina buhun gero ɗaya ya fi katan huɗu na taliya amfani, domin daga gare shi ake samun kunu da koko da fura da tuwo da dambu, ga shi kuma ba ya gundurar mutane da wuri.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Da labarin Kano ya yi tsanani na shiga babbar kasuwa domin sayen hatsi, wurin wani dattijo da na daɗe ina awo a hannunsa. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, gero nake so buhu guda, amma mai kyau wanda zai jure ajiya." Bai nuna mini buhun da ke bakin rumfa ba. Ya sa yaronsa ya kwance wani daga ciki, ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga tsakiya, ya watsa a tafin hannuna. Ya ce, "Malam, tauna ka ji. In ƙwaya ta fashe da ƙara a haƙori, ta bushe. In ta lotse, akwai sauran danshi, kuma kafin damina ta yi nisa za ka ji warin fumfuna." Ya hura abin da ya rage a hannunsa domin in ga ƙaiƙayi da ƙasar da ke ciki. Sannan ya ƙara da cewa, "Kada ka niƙa shi gaba ɗaya. Gari ba ya daɗewa a wannan zafi, a riƙa surfa na 'yan kwanaki ana kai wa inji." Wannan ɗan bayani na mintuna kaɗan ya fi mini duk saƙonnin da ake ta turawa a WhatsApp game da abin da ya kamata a saya.

Sayen kaya shi ne ɓangare mai sauƙi ga wanda ke da kuɗi. Ajiyar ita ce aikin, kuma a nan ne na ga yadda mu mazauna birni muka yi nisa da abin da iyayenmu suka sani. Mahaifiyata, wadda ke zaune a ƙauye ta wajen Jega, ba ta ga wani abin tashin hankali a maganar kulle ba, domin geronsu yana cikin rumbu a dami-dami, ba a sussuka sai wanda za a ci, kuma gero a zangarniyarsa yakan shekara ba tare da ya yi komai ba. Shinkafarsu shanshera ce, wadda ɓawonta ke kare ta daga ƙwari, sai an bukata a turara a shanya a kai casa. Ni kuwa gidan haya nake, ɗakin ajiyata bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Da na kira ta na faɗa mata abin da na saya, tambayarta ta farko ita ce a kan me na ɗora buhunan. Ta ce a sa katako a ƙasa, a kuma janye su daga jikin bango, saboda sanyin siminti da gara da ɓeraye.

Wake ne ya fi ba da wahala. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, kuma a cikin zafin bazara makonni kaɗan sun isa ya mayar da buhu gari da ramuka. Hanya mafi aminci ita ce a hana shi iska. Akwai buhun nan da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda ake ɗaure kowace leda daban bayan an matse iskar da ke ciki. Wanda bai samu ba yana iya wanke jarkar mai, ya bar ta ta bushe sarai, ya cika ta da wake har wuya, ya toshe murfin da leda. Muddin ba a riƙa buɗewa ba, ƙwarin za su mutu da kansu. Uwargidana ta raba namu cikin ƙananan jarkoki, ta yadda idan an buɗe ɗaya sauran suna nan a rufe, ta kuma zuba busasshen barkono a cikin wanda ake ɗiba kullum, kamar yadda ta ga ana yi a gidansu. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne zuba maganin ƙwari na feshi a cikin abinci, wanda wasu 'yan kasuwa da ma wasu magidanta ke yi. Saboda irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a 2015, kuma abin da Bature ya ƙi ci saboda lafiyarsa bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu a kwano ba. Idan ka ga wake a watan Mayu tas babu ko rami ɗaya, kuma a buɗaɗɗen buhu, to ka sunsuna shi kafin ka biya.

Kayan miya kuwa rana ce ta cece mu, wannan zafin da muke kuka da shi. Mata sun yanka tumatir sun shanya ya zama kauɗa, aka busar da tattasai da attaruhu da kuɓewa, aka daka kuka aka tankaɗe, aka tanadi daddawa da busasshen zogale. Banda ta kifi daga Yauri tana daɗewa idan ana fito da ita rana lokaci-lokaci, kuma ita ce ta maye gurbin nama a miyar gidaje da yawa. Albasa ba ta son buhu kuma ba ta son a tara ta wuri ɗaya. Shimfiɗa ta ake yi a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa dubawa ana tsame wadda ta fara laushi kafin ta ɓata 'yan'uwanta. Waɗannan duka ayyukan mata ne, kuma gaskiya ita ce duk da mu maza ne ke zuwa kasuwa muna cika baki da abin da muka sayo, ko kayan za su kai wata uku ko za su ƙare a wata ɗaya, a hannun uwargida abin yake.

Game da kare kai a kasuwa, ba zan ce mun yi abin a zo a gani ba. An ajiye bokitai masu famfo da sabulu a wasu ƙofofi, teloli sun ɗinka takunkumi na atamfa, amma tazarar da ake faɗa a rediyo ba ta yiwuwa a layin masu kayan miya, inda kafaɗa ke gugar kafaɗa. Abin da na ga yana aiki shi ne rage yawan shiga kasuwar, da zuwa da sassafe kafin ta cika, da barin tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon sukari a gida. A nan ma tanadin ya yi rana, domin gidan da ke da kauɗa da kuka da daddawa ba ya bukatar aika yaro kasuwa kowace yamma.

Duk wannan bayani da nake yi na mai albashi ne, kuma ya kamata a faɗi haka ƙarara. Mafi yawan mutanen unguwarmu hannu baka hannu ƙwarya suke rayuwa. Ɗan kabu-kabu da lebura da mai facin taya da malamin makarantar kuɗi wanda aka daina biyansa tun da aka rufe makarantu, duk sai sun fita sun samo sannan a yi awon mudu ɗaya ko biyu na dare. Ce wa irin wannan mutum ya tanadi abincin wata guda kusan zolaya ce. Kuma akwai wani abu da ya dame ni, wato duk lokacin da masu hali suka ruga kasuwa suka kwashi buhuna, mai sayen mudu ne ke biyan kuɗin wannan gaggawa washegari. Malamai sun yi ta jan hankali a kan haka a tafsirin da aka riƙa saurara ta rediyo a azumin. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, saboda haka tanadi ba rashin tawakkali ba ne. Ya kuma tabbata a hadisin Muslim cewa babu mai ɓoye kaya domin ya yi tsada sai mai laifi. Tsakanin waɗannan biyu akwai magidancin da ba ɗan kasuwa ba ne, amma ya sayi abin da ya fi ƙarfin bukatarsa a ranar da kaya ke ƙaranci. Ban ɗauke shi mai ɓoye kaya ba, amma ban ga ya kyauta ba. Buhun da aka saya a watan Nuwamba, lokacin da manomi ke neman mai saye, taimako ne ga manomi, shi kuwa wanda aka saya a ranar firgici ƙarin nauyi ne ga maƙwabci.

Wani abin da lissafin takarda ba ya nunawa shi ne cewa abincin gidan Bahaushe ba na mutanen gidan kaɗai ba ne. Akwai ciyayya tsakanin maƙwabta, akwai kwanon da ake miƙa wa tsohuwar da ke bayan gida, akwai ɗan'uwa da ya dawo daga Legas ko Abuja ba tare da ko sisi ba saboda sana'arsa ta tsaya, akwai kuma sallamar da ake yi da magariba a ce, "Maigida yana ciki?" kai kuma ka san abin da ke tafe da mutum tun kafin ya buɗe baki. Ga zakkar fidda-kai a ƙarshen azumi, wadda a shekarar ta yi amfani fiye da yadda na taɓa gani. Duk wanda ya ƙiyasta buhunsa da yawan bakin da ke cikin gidansa kawai, buhun ya ƙare kafin lokacin da ya zata. Masu shagunan unguwa ma sun ɗauki nauyi mai yawa, domin littattafan bashinsu sun cika, kuma da yawansu ba su daina bayarwa ba har sai da jarinsu ya fara karyewa.

Game da tallafin gwamnati ba ni da dogon bayani. An sanar da fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnatin tarayya, 'yan kasuwa masu zaman kansu kuma suka haɗa nasu a ƙarƙashin CACOVID, gamayyar da suka kafa domin yaƙi da korona. Abin da ya isa hannun jama'a a lokacin da ake tsananin bukata kaɗan ne, kuma a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda, duniya ta ga yadda aka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama aka tarar da kayan jibge. Magidanci mai hankali bai sa wannan tallafi a cikin lissafinsa ba.

Mun yi zaton cewa da an ɗage dokar hana tafiye-tafiye a farkon Yuli, sannan kaka ta zo, komai zai koma daidai. Sai ga ambaliya a watannin Agusta da Satumba. Kogin Neja da gulbin Rima suka cika suka batse, ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa daga Argungu da Birnin Kebbi har Bagudo da Yauri, a jihar da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, wadda kuma ƙasa ke kallo a matsayin rumbun shinkafarta. A kakar 2020 farashi bai faɗi yadda ya saba ba. Buhun shinkafa ɗaya ya cinye fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na lokacin, wato naira 30,000, albasar da muka saya da araha a bazara kuma ta zama abin da ake yankawa rabi a ajiye rabi kafin ƙarshen shekara. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ya kai kashi 19.56 cikin ɗari a Disamban 2020, ya kuma kai kashi 22.95 a Maris na 2021. Ke nan wahalar cefane ta fi tsanani bayan an daina maganar kulle, a lokacin da yawancin mutane suka riga suka ajiye takunkumi.

Tun daga waccan shekara ni da wasu abokan aikina muka mayar da adashenmu na hatsi. Muna zubi daga watan Yuli, a kwashe a Nuwamba ko Disamba, sai mutum biyu daga cikinmu su tafi kasuwar ƙauye su sayo gero da dawa da wake kai tsaye daga manoma, a haɗa kuɗin mota ɗaya a raba. Shanshera muna sayenta sau biyu, a kakar damina da kuma lokacin girbin rani, albasa da tumatir na shanya kuma a watan Maris. Manja da sukari da iskar gas ne har yanzu muke saye wata-wata, domin kuɗin adashen ba ya kaiwa gare su, kuma ɗakin ajiyar ma ba zai ɗauka ba.